Bakin Ruwa da Baƙin Ruwa

Karaye,
Litinin, 7 ga Yuli.

Zuwa ga Hamma Zubairu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan ka koma Kano lafiya, ka tarar da iyali lafiya. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan alhamdu lillahi, gero ya kai gwiwa, hanyar Kurugu kuma ta fara cin babura kamar yadda ta saba.

Ka ce kada in ƙara kiranka a waya, komai in sa shi a rubuce, wai haka ake yi a kamfanoni na gaske. To ga shi na rubuta. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji shida na tsaya.

Tun ranar Laraba da ka zo ofis ka canja kalmar sirri, ban iya shiga ko rauta ɗaya ba cikin ashirin da ukun da Goggo Ramatu ta kafa don raba intanet tsakanin Karaye da Rogo. Shekara huɗu ke nan ina kiwonsu, tun suna biyar. Na san Goggo ce ta kira ka ka duba mana aiki, tunda kai ne mai digiri a 'ya'yan 'yan'uwanta, kuma ban ja da wannan ba. Amma dubawa na ji ta ce, ban ji ta ce kullewa ba.

Ka tambaye ni wane shirme ne yake tashi a kwamfutar ofis kullum da safe. A tsaye ka yi tambayar, ka fita kafin in amsa, saboda taɓo ya taɓa maka farin takalmi. Ga amsar. Sikirif ne, kamar yadda kuke faɗa, wato jerin umarni da na rubuta wa kwamfuta, layi sittin da 'yan kai. Ni Makiyayi nake ce masa. Yana bin rautocin ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa kowacce sallama. Wadda ta amsa, ya tambaye ta ƙarfin batirinta da mutum nawa ke kanta, ya kwafe saitinta ya ajiye da kwanan wata. Wadda ya yi wa sallama uku ta yi shiru, sai ya turo min saƙo a waya, in hau babur.

In kuma sabon saiti zan zuba, ba ya zuba wa duka lokaci guda. Da ta kan rufin ofis yake farawa, wadda in ta mutu tsani kawai zan jingina. Kafin ya taɓa kowacce sai ya bar mata wasiyya: in minti biyar ya wuce ba ta sake jin muryarsa ba, ta koma saitinta na jiya da kanta. Sannan daga ƙarshen layi yake tahowa, ta nesa kafin ta kusa, don kada a rufe ƙofa sauran dabbobi suna waje. Ba a littafi na ga wannan ba. Baffa in zai ƙetare kogi da shanu ba ya kora garke gaba ɗaya. Tsohuwar saniya yake sakawa ta fara, ya tsaya ya ga inda ruwa ya kama ta.

Ka kashe Makiyayin ranar da ka zo. Kwana biyar ke nan ban san wadda take da lafiya ba sai wani ya kira ya zage ni.

Roƙona ɗaya ne, ka mayar min da kalmar sirri. Wannan aikin shi na iya, ba ni da wani. A gaida Anti da yara.

Naka ƙane,
Awaisu.

*

Kano,
Talata, 8 ga Yuli.

Malam Awaisu,

Wa alaikumus salam. Gida lafiya, na gode.

Da farko, Hamma na cikin gida ne. A takardar aiki Injiniya Zubair ake rubutawa. A kiyaye.

Na buɗe abin nan da kake kira Makiyayi. Na yi dariya har abokin aikina ya leƙo ya ga ko lafiya, shi ma na nuna masa. Tsince-tsince ne daga bidiyon intanet aka ɗinke da zaren buhu. Minti arba'in yake yi kafin ya gama zagaye ɗaya. Wanda na rubuta a zama ɗaya yana taɓa duka lokaci guda, ya gama cikin daƙiƙa talatin. Jiran minti biyar da komawa saitin jiya kuwa aikin wanda bai yarda da abin da hannunsa ya rubuta ba ne. Ni na yarda da nawa. Labarin saniyar Baffa ka ajiye shi sai an haɗu da Sallah.

Sai sunaye. Gindin Ɗorawa, Gidan Mai Ƙaho, Tsaunin Ɓaure. Sunayen na'ura ne waɗannan ko kiran ɗan kamasho a tasha? Haruffa masu ƙugiya ba sa shiri da kwamfuta, ɓata fayil suke yi. Na sa sikirif ɗina ya miƙe su duka. A nan ma na kama ka, domin da aka miƙe su sai ga Bakin Ruwa ya fito sau biyu. Kullum kana gaya wa Goggo ashirin da uku, ashe ashirin da biyu ne. Na haɗe su layi ɗaya. Makiyayin da bai san adadin shanunsa ba, ban san me yake kiwo ba.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe zan zuba sabon saiti daga nan Kano. Bayan nan zan kai wa Goggo rahoto cewa ba a bukatar kowa ya zauna gaban kwamfuta a Karaye. Za a bar maka goge sola da ɗaure waya. Ba raini ba ne, kowa da iyakarsa. Kalmar sirri tana wurina, kuma a nan za ta zauna.

Na haɗo maka jerin sunayen. Ka tabbatar duk suna kunne, shi ke nan abin da nake so daga gare ka.

Wassalam,
Injiniya Zubair.

*

Karaye,
Laraba, 9 ga Yuli.

Ranka ya daɗe Injiniya Zubair,

Assalamu alaikum. Da fatan an tashi lafiya, da aiki, da gajiyar dariya. A gaida abokin aikin naka.

Na ga jerin. Don Allah wannan wasiƙar ka karanta ta har ƙasa, ko da sauran ba ka yi ba.

Ban rubuta abu ɗaya sau biyu ba. Wuri biyu ne. Akwai Bakin Ruwa, nan Karaye a gefen dam, inda masunta suke ɗaure kwale-kwale. Akwai kuma Baƙin Ruwa, wata ruga ce can bayan Falgore a ƙasar Rogo, an sa mata sunan ne saboda wani kududdufi da ko shanu ba sa sha. Tsakaninsu tafiyar awa biyu ce a babur in ba a yi ruwa ba. Ba ni na raɗa musu suna ba, haka na tarar. Wannan 'yar ƙugiyar da ka miƙe ita kaɗai ce ta raba su a takarda.

Ta Baƙin Ruwa wutsiya ce, daga ita babu kowa, gida tara take ba sabis. Ta Bakin Ruwa kuwa ƙofa ce. Duk rautoci goma sha huɗu na ɓangaren Rogo ta cikinta suke wucewa, har da ta gidan Goggo. Na bi layin da ka haɗe da yatsa. Adireshin da za a ƙwanƙwasa na ƙofar ne, amma saitin da za a zuba da kwatancen wurin duk na wutsiyar ne. Ma'ana gobe za ka ce wa ƙofa ta zama bango. Kuma tunda duka lokaci guda za ka taɓa, waɗanda ke bayanta suna cikin karɓar saƙo za a yanke musu hanya.

Ban ce kada ka zuba naka ba. Na karanta shi, akwai wuraren da ya fi nawa tsafta, ban ƙi faɗa ba. Ka raba layin nan biyu, ka fara da ta kan rufin ofis, ka ga yadda ta yi. Minti goma ne. Kano ba za ta tashi ba kafin ka gama.

Na kira ka sau huɗu duk da hanin da ka yi, ba ka ɗaga ba. Na yi niyyar kiran Goggo, sai na tuna ta ce in bi maganarka na tsawon wata guda, kada in kawo mata ƙara. To na bi.

Duk suna kunne. Na goge solar ma, tunda an ce ita na iya.

Naka,
Awaisu.

*

Tashar Rogo,
Juma'a da safe.

Awaisu,

Salam. Ina ba direban nan wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu, domin babu sabis a nan. Kada ka nuna wa kowa.

An sami 'yar matsala jiya. Sikirif ɗin lafiyarsa ƙalau, tsarin da na gada ne ba shi da kan gado. Wa ya taɓa rataye na'ura goma sha huɗu a wuyan guda ɗaya? Sai yanzu na ga wasiƙarka ta Laraba, ka cika tsawaitawa shi ya sa ba a karanta ka a kan lokaci.

Na zo da kaina jiya, na je wurin, ban sami abin da nake nema ba. Ban shiga gidan Goggo ba tukuna, kuma ba na so ta san ina gari.

Ga yadda za a yi. An yi ruwa da tsawa jiya, kowa ya ji. Ka je ka gyara, in Goggo ta tambaya ka ce tsawa ce ta taɓa eriya. Ni ma haka zan rubuta. In ka yarda, ka gaya wa direba, zan aiko maka da kalmar sirri yau ɗin nan, kuma zan cire maganar kwamfutar Karaye daga rahotona. Ka ci gaba da zama a kujerarka, har Makiyayin naka ka kunna in kana so. Ba kullum ake yi wa mutum irin wannan tayin ba, ka yi tunani da kyau.

Hammanka,
Zubairu.

*

Karaye,
Litinin, 14 ga Yuli.

Ranka ya daɗe Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma gida lafiya, kuma ƙafa ta huta. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, kwana uku ina kan babur.

Takardarka ta same ni bayan an sauko daga Juma'a. Direban ya tsaya yana jira in ba shi amsa, na ce ya tafi kada fasinja su cinye shi.

Ranar Alhamis ina zaune a ofis ina kallon agogo. Ƙarfe goma da minti ɗaya wayata ta fara ƙara, ba ta huta ba sai da na kashe ta. Na tafi Bakin Ruwa nan take, amma hadari ya riga ni, kuma ba a hawa ƙarfen eriya ana walƙiya. Juma'a da hantsi na hau. Ban bukaci kalmarka ba. Akwai wani ɗan rami a bayan kowace rauta, in ka danna shi da tsinken tsintsiya ka ƙirga goma, sai ta manta duk abin da aka taɓa gaya mata, har da kai. Na jona mata waya da tsohuwar laftof ɗina, na zuba mata saitinta na ranar ɗaya ga wata, wanda Makiyayi ya kwafe kafin ka kashe shi. Kafin in sauko ƙasa goma sha ɗaya sun dawo. Da ka ɗan ƙara zama a tasha da ka ga wayarka ta kawo.

Uku ba su dawo ba, su ne aka yanke wa magana a tsakiya: Falgore, Gidan Mai Ƙaho da Tsaunin Ɓaure. Kowacce sai da na je na hau. A hanyar Tsaunin Ɓaure ni na ɗauki babur, ba shi ya ɗauke ni ba.

A Falgore Murja mai kemis ta tare ni tun ban kafe babur ba. Da sabis ɗin nan take tura wa likita hoton takardun marasa lafiya yana gaya mata abin da za ta bayar. Ta ce, "Awaisu, an ce an kawo muku injiniya daga birni." Na ce haka ne. Ta ce, "To don girman Allah ku mayar da shi inda kuka aro shi, a bar mu da jahilinmu." Ban san ko yabona ta yi ba, amma ta ba ni ruwa.

Daga nan na ƙarasa Baƙin Ruwa don in ga lafiyarta. Malam Muntaka, dattijon da yake mana gadin ƙarfen, ya ba ni labarin baƙon da ya yi ranar Alhamis. Ya ce da la'asar sakaliya ɗan acaba ya sauke wani mutum jiƙe sharkaf, rungume da jaka.

Ya ce maka, "Maraba, ɗan samari. Wa ake nema?"

Ka ce, "Ni ne injiniya. Na'urar nan ce ta lalace."

Ya ce, "Wannan? Ai tun da aka kafa ta ko tari ba ta taɓa yi ba. Ga fitilarta can kore shar."

Ka ce masa kwamfuta ta nuna Bakin Ruwa ce ta mutu, kuma kwatance nan ya kawo ka.

Ya ce, "Ai ka baro Bakin Ruwa tun Karaye. Nan Baƙin Ruwa ne. Kai ɗan wace ƙasa ne?"

Ka ce duk ɗaya ne, bambancin rubutu ne kawai.

Ya ce, "To madalla. Ashe kura da ƙura ma ɗaya ne. In ka ji tana kuka a bayan gari sai ka fita mata da tsintsiya."

Ya ce ba ka yi dariya ba. Ya ce kuma ya ba ka fura ka sha, ka tambaye shi ko an tafasa ruwan. Wannan ya fi ɓata masa rai a kan komai, ya ce in gaya maka.

Yanzu maganar tsawa. Gaskiya ne an yi ta ranar Alhamis, amma da azahar ta fara, sabis kuwa tun goma ya ɗauke. Goggo shekara talatin tana hedimistires, da agogo take kwana. Ko da ba ta da shi ma, tsawa ta Allah ce, ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Na yi tunani da kyau kamar yadda ka ce, a saman ƙarfen eriya har guda uku na yi shi. Ina son kujerar nan fiye da yadda kake zato. Kai in an kore ka daga nan kana da ofis mai sanyi a Kano, ni kuwa sai dai in koma gyaran caja a bakin kasuwa. Amma in na zauna a kanta da wannan sharaɗin, duk ranar da ka ga dama sai ka tuna min yadda na same ta.

Ba zan kai ƙararka ba. Wasiƙunka suna nan a wurina, ba wanda zai gani. Ba kuma zan ce tsawa ba. Goggo ta kira ni sau biyu, na ce mata ina kan ƙarfe. Gobe ba ni da ƙarfen da zan hau.

Rautoci huɗun da na farfaɗo dole na sa musu sabuwar kalmar sirri, ciki har da ƙofar. Ba zan riƙe ta ba tunda ba a ba ni izini ba, ba kuma zan ba ka ba. Na rubuta ta na rufe a ambulan, zan aika wa mai abin.

Tsarin rataye goma sha huɗu a wuyan ɗaya, ka yi gaskiya, ba shi da kyau. Sau uku ina faɗa. In ka rubuta shi da Turanci wataƙila a ji.

A gaida gida.

Awaisu.

*

Karaye,
Litinin, 14 ga Yuli.

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Goggo, duka ashirin da ukun suna aiki tun jiya da yamma. Ki gafarce ni da ban tsaya na yi miki bayani a waya ba.

In wani ya ce miki tsawa ce, ba ita ba ce. Abin da ya faru kuwa Hamma Zubairu ya fi ni iya bayaninsa, shi ya yi karatun.

Ga ambulan nan a ciki. Kalmar sirri ce ta rautar Bakin Ruwa da wasu uku, wanda duk ya riƙe ta shi ke da ɓangaren Rogo. Ta sauran tana hannun Hamma. Ki ba wanda kika ga dama. In kin ce in koma goge sola, zan goge, ba zan ce na ji daɗi ba dai.

Ɗanki,
Awaisu.

*

Rogo,
Laraba, 16 ga Yuli.

Awaisu,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Allah ya yi maka albarka.

Zubairu ya zo jiya. An ce ya daɗe a zaure kafin ya yi sallama. Ya faɗa min da bakinsa, bai ambaci tsawa ba. Na sa ya rubuta min sunayen biyu a takarda ina kallo. A aji biyu nake koyar da wannan.

Ga ambulan ɗinka, ban buɗe ba. Ga tasa kalmar a ɗaya takardar. Ka kunna abinka.

Ranar Asabar zai zo Karaye ya yi mako biyu. Ka kai shi duka ashirin da ukun ya gan su da idonsa, shi kuma ya zauna da kai a kan maganar hanya ta biyu ta kai sabis Rogo. Ka je tasha ka tarye shi da kanka. Na san bakinka, ba ka zagi amma gara mai zagi. Yayanka ne, jakarsa kai za ka ɗauka.

Goggonka,
Ramatu.